Hannun da Ya Ƙi Dusashewa

SHAFI NA 17

Ku da kuka cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," na ji ku, hannu biyu gare ni ba goma ba. Ke kuma da kika ce in na bar Tsoho Tak ya hau jirgi za ki daina kula ni, gyara zama. Sababbin zuwa ku matso ciki, akwai wuri.

*

Tun daga kan kwana Ok-bun ta hango motar babban ɗanta Gi-tae a ƙofar shagon, an ajiye ta a karkace, taya ɗaya a kan dakali. Mutumin da sana'arsa sayar da taya ce ba ya hawa dakali da mota sai in wani abu ya faru.

Kuma ba da shi aka yi ba. Da 'yarta Eun-sil kaɗai ta yi magana, mai shagon buga katuna da ƙyallayen biki, cewa za ta leƙo da hantsi ta ga ƙyallen da za a rataya ran Asabar, a bikin cikarta shekara saba'in. Hoton da za a sa ma ita ta gyara abinta, da ɗan ilimin kwamfutar da ake koya musu a zauren tsofaffi na unguwa. Ba don nuna gwaninta ta yi ba. Akwai mutum a gefenta a hoton, kuma ba ta so kowa ya gan shi.

Jiya da rana ta kai wa mutumin aikin ya gani, a rumfarsa ta gyaran agogo da ke bayan layin masu kifi. Tak Man-bok ya ture gilashin aikinsa zuwa goshi, ya karɓi wayar, ya nisanta ta, ya sake matso da ita.

"Ke ce wannan, na gani. Kin yi kyau. Ni ina nake?"

"Kana nan mana."

"A ina?"

"A cikin farin."

"Ok-bun, shekara saba'in da uku ina cin shinkafa a garin Mokpo, yau kin mai da ni tururin tukunya."

Ya yi dariya har da buga gwiwa, ita ma ta taya shi. Amma da dariyar ta lafa sai ya miƙa mata wayarta, ya ce ɗansa na Daejeon ya sake kira, ɗakin da aka share masa yana nan yana jira.

"In Asabar ta zo ina teburin surukai, ina ce miki sadon kina ce min sadon, muna sunkuya wa juna kamar baƙi, to Lahadi jirgin ƙasa zan hau. Ba fushi na yi ba. Gwiwoyina ne suka gaji da ɓuya a bayan kwandon kifi."

Sadon kuwa shi ne abin da iyayen miji da iyayen mata suke kiran juna, kuma nan ƙullin yake. Tak Man-bok shi ya haifi Mi-ran, matar Gi-tae. Matarsa ta rasu, ita ma mijinta ya rasu, gyaran agogo ya haɗa su, hira ta yi daɗi, har abin ya wuce hira. To ta ina uwa za ta fara gaya wa ɗanta cewa surukinsa take so?

Ok-bun ta ja numfashi ta tura ƙofar shagon.

Gi-tae na tsaye gaban babbar fuskar kwamfutar Eun-sil, wadda ta kusa kai faɗin taga. Ƙaton mutum ne, ga tumbi ga sanƙo, amma idanunsa sun yi jajur, hancinsa na zuba. Eun-sil na zaune a kujerar aiki ta danne leɓenta da haƙori, irin dannewar da take yi tun tana yarinya in dariya na neman kashe ta a wurin da ba a dariya.

"Umma," in ji Gi-tae. "Zo ki zauna tukuna."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Wanda ya mutu ne ya dawo."

"Kai Gi-tae, da safen nan ka fara sha?"

"Eun-sil ce ta turo min samfurin in duba rubutu. Na ga abu, na ce bari in zo in gani a babba. Duba nan, Umma."

Ta ciro tabarau daga jaka ta maƙala.

Ga ta nan cikin hanbok ɗinta, rigar gargajiyarsu mai ruwan hoda, a kan dutsen Yudal, teku a bayanta, tana wata irin dariya da 'ya'yanta suka daɗe ba su gani ba. Daga kafaɗarta ta dama hoton yake fara haske, yana ƙara haske, a hankali a hankali, har ya narke ya koma fari fat, inda za a rubuta gaisuwar biki. A waya aikin ya yi kyau, har malamarsu ta tafa mata.

A wannan ƙatuwar fuska kuwa, daidai inda launi ya fara gudu fari bai gama isowa ba, ga hannu nan kwance a kafaɗarta. Yatsu da wuyan hannu, shara-shara, ana hango teku ta cikinsu. Babu damtse, babu jiki. A wuyan hannun kuma ga agogo mai kusurwa huɗu.

Ba wanda ya sake ce mata ta zauna. Da kanta ta nemi kujera.

Ta san inda ta yi kuskure. Malama ta faɗa musu tun farko cewa ba a goge abu a hoto, mayafi ake rufa masa. Inda ka sa baƙi a mayafin, abu ya ɓuya. Inda ka sa fari, ya fito. Tsakaninsu kuma toka-toka ne, rabi a ɓoye rabi a fili. Ka danna a nan, ka ja layi zuwa can, ka saki, sai dusashewar ta bi tsawon layin. Gajeren layi yanka ne ƙat, dogo kuma sannu-sannu. Ita da ta zo ja, hannunta ya ƙi yi wa Man-bok yankan wuƙa. Ta ja layin dogo, ta sake ƙara masa tsawo, wai don ya tafi a hankali. Ga shi nan bai gama tafiya ba.

"Baba ne, Umma," in ji Gi-tae. "Ya zo bikinki."

"Wane Baban?"

"Wane Baban kuma? Baba nawa gare mu?"

"Ina nufin... wace irin magana ce wannan?"

"Agogonsa ne! Ko a mafarki na gan shi na san shi. Shi yake ɗora min a hanci duk ranar da na dawo gida a makare."

Eun-sil ta yi gyaran murya. "Yaya, ƙila datti ne a idon kyamara. Ko yatsan mai ɗauka."

"Yatsa? Wannan ai ba hoton da Mi-ran ta ɗauka ba ne, da kullum sai yatsanta ya leƙo ta kusurwa. Hannu ne guda, da agogonsa."

"Amma hannun Baba siriri ne, Yaya. Wannan kuwa dubi yatsun, gajeru ne masu kauri."

"To me kike tsammani? Shekara goma sha ɗaya ina shirya masa teburin abinci duk ranar tunawa da shi, ban taɓa rage kifi ko nama ba. Ba dole ya yi ƙiba ba?"

Eun-sil ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Gi-tae ya dafa ta cikin tausayi.

"Yi kukanki, ƙanwata. Ni ma na yi nawa a mota."

Ya share hanci da bayan hannu, ya ce kada kowa ya taɓa kwamfutar nan, yana zuwa. Ya fita da sauri ya nufi bayan motarsa.

Ƙofa na rufuwa Eun-sil ta ɗago, hawayen dariya shaɓe-shaɓe a fuskarta.

"Umma, wane irin fayil kika turo min?"

"Wanda na yi aikin a kai mana."

"Ai ba shi ake turowa ba. Hoto ake fitarwa daban, a danne shi ya zama falle ɗaya. Ke kuwa da mayafinsa da komai kika miƙo min. Dannawa ɗaya zan yi ya yaye."

Ok-bun ta juyo da sauri. "Kin danna?"

"Tun jiya. Umma, hular nan ba ta yi masa kyau ba, ki gaya masa."

Ok-bun ta kai mata duka a gadon baya da jakar hannu.

"Mara kunya!"

"Ni ce mara kunyar? Ni na hau dutse da sadon?"

"Yi ƙasa da murya, 'yar nan! Kin ga hannun, kika tura wa yayanki a haka? Da gangan kika yi."

"Ni dai abin da aka kawo min nake bugawa." Ta goge ido, ta ɗan rage wasa. "Umma, ni ban ga laifinki ba. Tun bazara kike shafa jan baki in za ki sayen kifi, kin ɗauka makafi kika haifa? Yanzu dai zaɓi biyu ne. Ko in ƙara baƙi in haɗiye hannun, mu ce wa Yaya Baba ya koma inda ya fito. Ko ki buɗe baki."

"Yayanki zai faɗi ya mutu."

"Ba zai mutu ba. Zai dai yi ihu."

Kafin Ok-bun ta amsa ƙofa ta buɗe. Gi-tae ya shigo rungume da kwalin 'ya'yan itacen da ya saya don biki, da kwalbar giyar shinkafa a hammata.

"Na gama yanke shawara," in ji shi. "Hannun nan ba za a cire shi ba. Eun-sil, ki ma ƙara masa duhu ya fito sosai. A ƙasa ki rubuta, Baba yana tare da mu. Na kira Gwaggo, ta fashe da kuka, ta ce da ma tun makon jiya take mafarkin ɗan'uwanta yana neman takalminsa."

Ni dai ba zan ɓoye muku ba, daɗi Ok-bun ta ji. Ƙofa ce ta buɗe mata ba ta ƙwanƙwasa ba. Ba wanda zai sake tambayar hannun waye. Za a rataya shi a gaban dangi kaf, a tafa, a share hawaye, a ci kifin hongo, a watse. Ta ma iya cewa Man-bok ga shi nan ta sa shi a ƙyalle a gaban kowa, me kuma yake so? Ta san amsar da zai ba ta, ta san jirgin Lahadi ba zai fasa tashi ba. Amma tsoro ya fi ta ƙarfi, sai ta bar shi a haka ta riƙe jakarta da hannu biyu.

Gi-tae bai tsaya jiran kowa ba. Ya ture tarin katunan aure gefe, ya share gaban kwamfutar da hannun riga. Ya ciro babban ɗan itace ɗaya, ya ari wuƙar yankan takarda ya fille masa kai kamar yadda ake yi wa na teburin mamata, ya ɗora a kan farantin kofi. Ya tsiyaya giya a kofin takarda. Ya jawo wani ƙyalle da aka buga da kuskure, na buɗe sabon shagon kaji, ya shimfiɗa a ƙasa.

"Yaya, a kan kaza za ka yi?"

"Baba ba ya ƙin kaza."

Ya cire takalma. Babban yatsansa ya leƙo ta hudar safa. Ya gyara wuyan riga, ya tsaya cak a gaban hoton, ya haɗa hannuwa ya ɗaga su daidai goshi.

"Baba, ɗanka Gi-tae ne. Mun ga saƙonka. Umma tana lafiya, muna kula da ita, ba ta rasa komai ba."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya kai goshi kan hannuwansa a ƙasa. Ya ɗan jima a haka.

Ɗaya ke nan.

A nan daɗin da Ok-bun take ji ya gudu ya bar ta. Mai rai gaisuwa ɗaya ake yi masa. Biyu ta mamaci ce. Ko yaron goye ya san wannan, in ya yi wa kaka biyu ranar sabuwar shekara sai an ja masa kunne. Kuma wannan hannun ba na mamaci ba ne. Hannun mutumin da likita ya taɓa wa zuciya ne a farkon shekarar nan, wanda in ya hau matakala sai ya tsaya ya yi kamar yana kallon teku don kada ta ga yana haki. Ita ta taɓa tsayawa ta ga ana yi wa mijinta gaisuwa biyu, kuma ta san irin shirun da gida yake yi bayan nan.

Gi-tae ya miƙe da ƙyar. Ya sake haɗa hannuwa. Ya sake ɗaga su.

Ta ce wa kanta camfi ne kawai. Hoto ne, hoto ba ya jin komai.

Gwiwoyinsa suka fara lanƙwasa.

"Tsaya!"

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta dai ga hannunta biyu sun damƙe bel ɗinsa ta baya, tana ja da iya ƙarfinta. Ƙato ya yi taga-taga, ya dafa tebur, kofin giya ya kife a kan katunan auren mutane.

"Umma! Lafiya?"

"Kada ka kuskura ka yi ta biyu!"

"Haba Umma, ai ba a yi wa Baba ɗaya a bari, raini ne..."

"Mai hannun nan yana da rai! Jiya da rana kwano biyu na shinkafa ya cinye a gabana, har da neman ƙarin kimchi, kabejin nan mai yaji!"

Injin buga ƙyalle ya ci gaba da gurnani a ƙurya.

Gi-tae ya zauna daɓas a kan hoton kazar.

"Yana da rai," ya maimaita a hankali. "Wa ke da rai?"

Eun-sil ta kai hannu ga linzamin kwamfuta. "Umma, in danna?"

"Tashi min."

"Dannawa ɗaya ce fa."

"Na ce tashi. A hankali na ɓoye shi, a hankali zan fito da shi."

Ta zauna a kujerar 'yarta, ta gyara tabarau. Linzamin na zamewa, amma ta nemo mayafin, ta zaɓi fari. Ta danna a kan kafaɗarta, ta ja ɗan layi zuwa dama, ta saki.

Hannun ya cika ya zama na mutum, da jijiyoyi da tabon tsufa. Bayansa hannun riga ya ɓullo, ruwan ƙasa mai zane-zanen gida-gida.

Gi-tae ya ƙanƙance ido. "Wannan rigar... irin wadda na saya wa surukina ce ranar iyaye."

"Ba irinta ba ce, Yaya," in ji Eun-sil. "Ita ce."

"Rufe min baki."

Ok-bun ta sake ja. Gwiwar hannu ta fito, kafaɗa ta fito, sai wuya, sai wani faffaɗan kunne da gashi ya tsiro a cikinsa.

"A'a," in ji Gi-tae. "A'a, a'a. Kunnuwa suna kama da juna."

Ta sake ja, wannan karon dogo.

Tak Man-bok ya fito daga cikin farin yana washe baki, haƙorinsa na azurfa na ƙyalli, da hular hawan dutse ja a kansa wadda lallai ba ta yi masa kyau ba. Fari bai rage ba sai ɗan kaɗan a kusurwar ƙasa.

Gi-tae ya dubi hoton. Ya dubi ɗan itacen da ya fille wa kai. Ya dubi uwarsa.

"Baban Mi-ran."

"Shi ne."

"Surukina."

"Na sani, ai ina wurin aka ɗaura."

"Hanya kuka haɗu, ko? Kin je hawan dutse, shi ma ya je, ƙafarki ta zame, ya riƙe ki."

"Ba ta zame ba."

"Umma, ki ce ta zame!"

"Gi-tae, ba ta zame ba. Tare muka hau, tare muka sauko, shi ya ɗauko abinci ni na ɗauko ruwa."

Ya kama sanƙonsa da hannu biyu. "To ni yanzu me zan riƙa ce masa? Suruki ko Baba? Mi-ran fa? Matata ce ko ƙanwata? 'Ya'yana kakansu na wajen uwa zai koma na wajen uba? Ranar sabuwar shekara gida ɗaya za mu je mu gama?"

"Ka ga ka huta da cunkoson hanya," in ji Eun-sil.

"Ke za ki sha mari!"

Idonsa ya koma kan wuyan hannun nan, muryarsa ta sauka, wasan ya fita daga cikinta.

"Agogon Baba kika ba shi?"

Wannan ce ta soke ta. Ta juyo da kujera ta fuskance shi.

"Ban ba shi ba. Gyara na kai masa. Tun ranar da ubanka ya rasu agogon ya tsaya, yana cikin aljihun tebur. Na ce in na cika saba'in zan ɗaura maka shi a gaban mutane, yana tafiya. Mai gyara kuwa sai ya ɗaura a hannunsa ya yi yawo da shi, ya ga ko yana sauri ko yana nawa."

"Tun bazara ake wannan gwajin," Eun-sil ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Kullum na je karɓa sai ya ce da saura," in ji Ok-bun, kunnuwanta suka yi zafi. "Ni kuma ban ce ya yi sauri ba."

Gi-tae bai yi dariya ba.

"Baba fa?"

"Ubanku na so shi, kuma har gobe ni zan soya kifin teburinsa. Amma ɗazu ka ce masa ban rasa komai ba. Gi-tae, kullum ni da talabijin muke cin abinci. In na yi tari ba mai cewa sannu. Kuna turo min nama, kuna turo min maganin gwiwa, na gode. Mutumin nan kuwa yana sa ni dariya har in manta shekaruna. Ina son sa. Ga shi na faɗa, rufin shagon bai faɗo ba."

"Umma..."

"In na ɓoye shi ran Asabar, Lahadi zai tafi Daejeon ba zai dawo ba. Na ɗauka zan iya jurewa. Da ka ɗaga hannu za ka yi ta biyu na gane ba zan iya ba."

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Dukansu suka juya. Tak Man-bok ne da kansa, cikin rigar nan ruwan ƙasa, riƙe da ɗan ƙaramin akwati. Ya ga surukinsa zaune a ƙasa da safa mai huda, ya ga giya ta malale, ya ga Ok-bun. Nan take ya haɗa ƙafafu ya sunkuya kamar baƙo.

"Sadon, ashe kina nan. Barka da hantsi. Saƙo ne na kawo wa Eun-sil ta ajiye miki, don ni tafiya ta kama ni, ban sani ba ko..."

Maganar ta maƙale. Ya hango kansa a fuskar kwamfuta, ƙato, cikakke, da hula da haƙori.

Ya ciro tabarau daga aljihu ya saka. Ya cire ya goge ya mayar.

"Wannan ai ni ne."

"Kai ne, Man-bok," in ji Ok-bun, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Shigo ka rufe ƙofa, iska na shiga. Kuma sunana Ok-bun."

Tsoho ya juya ya rufe ƙofar. Idanunsa suka kawo ruwa, ya yi saurin ɗaga kai yana duban silin kamar akwai abin gyara a can.

"Eun-sil," in ji Ok-bun, "haka za ki buga shi. Babba."

"Da hular?"

"Da hular."

Eun-sil ta sunkuya kusa da kunnen yayanta. "Yaya, ai ba ka yi asara ba. Ɗaya ka yi, ta mai rai, kuma ga mai ita ya zo karɓa."

Gi-tae bai kula ta ba. Ya miƙe a hankali, ya tsaya gaban surukinsa, ya fi shi tsawo da kai guda. Man-bok ya miƙa masa akwatin da hannu biyu.

"Naka ne. Ya daɗe da gyaruwa, ni ne na... to, ya dai gyaru."

Gi-tae ya buɗe. Ya ɗauko agogon ya kai kunne. Yana tafiya, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Haɓarsa ta fara rawa. Ok-bun ta riƙe numfashi, don ta san ɗanta, daga nan ko kuka ne ko ihu, kuma ba a sanin wanne sai ya fito.

Bai yi ko ɗaya ba. Ya juya ya sake duban hoton, ya daɗe yana dubawa.

"Umma, hannunki biyu suna riƙe da jaka."

"E."

"Shi kuma ɗaya a kafaɗarki, ɗaya riƙe da sanda."

"To?"

"To wa ya ɗauke ku?"

Ok-bun ta dubi Man-bok. Man-bok ya koma duban silin.

"Wani ne mai wucewa," in ji Ok-bun.

"Yaye sauran farin nan na kusurwa."

"Ba komai a wurin, duwatsu ne kawai..."

Gi-tae ya miƙa hannu ta saman kafaɗarta, mutumin da bai taɓa sanin ina ake kunna kwamfuta ba, ya kama linzamin ya ja shi kamar yadda ya ga ta yi. Farin kusurwar ya janye.

Ba dutse ba ne. Kan yatsa ne ya leƙo ta gefen idon kyamara, ɗan siriri, farcen da jan lallen fure.

Ƙararrawar ƙofa ta sake ƙara. Mi-ran ce ta turo da kafaɗa, rungume da ƙaton kwalin wainar shinkafa, tana haki tana fara'a.

"Baba, ka bar ni ina ta neman wurin ajiye mota! Wani mara hankali ya hau dakali ya tare ko'ina... A'a, Gi-tae, motarka ce? Umma, ina kwana. Me ya faru kuka yi tsit haka?"

Gi-tae ya sa agogon a aljihu.

"Mi-ran," ya ce a hankali. "Ajiye kwalin nan. Miƙo hannunki in gani."